Wankin Ciki: Tsakanin Gorar Mai Magani da Tukunyar Gida

A bakin kusan kowace babbar kasuwa a ƙasar Hausa, daga Kano har Maraɗi, akwai wata mota da ba ta ɗaukar fasinja. An ɗaura mata lasifika a ka, an buɗe bayanta an jera robobi cike da jiƙo mai launin ƙasa-ƙasa, ga ƙulle-ƙullen gari a leda. Muryar da ke fitowa daga lasifikar ba ta gajiya. Tana lissafa dattin ciki, basir, shawara, sanyi, daji da maiƙo, tana rantsuwa cewa kofi ɗaya kafin karin kumallo zai fitar da duk abin da ya daskare a hanji tun shekarun baya. Mutane na tsayawa. Dattijo mai keke ya miƙa kuɗinsa, ɗan acaɓa ya kurɓa nan take yana yamutsa fuska saboda ɗaci, yarinya ta karɓi ƙulli biyu da aka aiko ta daga cikin gida.

Wannan kasuwa ta daɗe da hawa waya. A Facebook da Instagram da TikTok ana tallar shayin rage tumbi, da haɗin wanke hanta, da tsarin kwana bakwai wanda mutum ba zai ci komai ba sai ruwan kokwamba da lemon tsami da citta. Kwalin ya fi na mai mota kyau, kuɗin ya ninka, amma alkawarin bai sauya ba.

Ban ga laifin mai saye ba. Wanda ya kwana uku bai zaga ba, ko cikinsa ke kumburi bayan kowane cin abinci, ko ya tashi da nauyin jiki bayan naman babbar sallah, yana da gaskiya idan ya ji cewa akwai abin da ba daidai ba. Jiki magayi ne. Abin tambaya shi ne ko maganin da ake miƙa masa yana yin abin da aka ce yana yi, kuma idan ba ya yi, me ya kamata ya sa a bakinsa.

Da yawa daga cikin waɗannan haɗe-haɗe, na gida da na waje, ƙarfinsu yana cikin ganyen filasko ko danginsa. Filasko yana tsikarar bangon babban hanji ya riƙa murɗawa, yana kuma hana shi tsotse ruwan da ya saba tsotsewa. Bayan awa shida zuwa goma sha biyu sai gudawa ta ɓarke. Mutum ya yi ta safa da marwa zuwa bayan gida, ya ga abin da ya fita, ya ji cikinsa ya lafe, ya ce magani ya yi aiki. Abin da ya fita kuwa abincin jiya ne da ruwa da gishirin jiki, musamman sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Nauyin da ya ragu a sikeli zai dawo da zarar an sha ruwa. Likitoci ma suna ba da maganin da aka yi da wannan ganye ga mai cushewar ciki, amma da awo, na 'yan kwanaki. Wanda ya mayar da shi shayin kowace safiya yana jawo wa kansa kasala da jiri da ƙarancin ruwa, kuma idan dama ƙodarsa na da rauni, ya ƙara mata wahala.

A shekarar 2009 wasu matasan masana kimiyya a Birtaniya, ƙarƙashin ƙungiyar Sense about Science, sun bi kamfanonin da ke sayar da kayayyaki 15 masu da'awar fitar da guba daga jiki, suna neman a nuna musu wace guba ce ake fitarwa da kuma hujjar hakan. Ba su samu gamsasshiyar amsa ba. A 2015 wasu masana biyu a Ostireliya, Alice Klein da Hosen Kiat, sun tattara binciken da aka yi a kan irin wannan tsarin cin abinci, suka tarar ba a taɓa yi masa ƙwaƙƙwaran gwaji irin wanda ake yi wa magani kafin a yarda da shi ba. Wani lokaci kuma abin ya wuce rashin amfani. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba da ke Burasels ta ƙasar Beljiyam, an ba mata haɗin da ya ƙunshi saiwar wani tsiro ɗan uwan duman dutse. Fiye da mata 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sun koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya suka kamu da sankarar mafitsara. Kasancewar abu itace ko ganye ba ya wanke shi daga zargi. Ko lambar NAFDAC da ake gani a jikin maganin gargajiya, shaida ce ta cewa an duba shi ta fuskar cutarwa. Hukumar ba ta ce yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa ba, kuma yawanci an rubuta hakan da ƙananan haruffa a jikin kwalbar.

Ma'aikatan da ba sa hutu

Masu talla suna so mu ɗauki jikin mutum tamkar kwatar unguwa, wadda shara ke toshewa sai an zo da shebur an yashe lokaci-lokaci. Halittar ba haka take ba.

A ƙarƙashin haƙarƙarin dama akwai hanta, mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji sai ya bi ta cikinta kafin ya zagaya sauran jiki. A nan ake tare magunguna da sinadarai da ragowar abin da jiki ya ƙona, a sauya musu kama su zama abin da ruwa zai iya ɗauka, sannan a tura wasu cikin ruwan matsarmama su fita ta bayan gida, wasu a mayar da su jini ƙoda ta tace. Ƙodojin nan biyu, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kwana guda, su mayar wa jiki kusan duka, su zubar da lita ɗaya da rabi ko biyu a matsayin fitsari. Huhu na fitar da gurɓatacciyar iska. Bangon hanji kansa yana sabunta fatarsa cikin ƙasa da mako guda, shi ya sa labarin dattin shekara goma da ya manne a ciki ba shi da tushe.

Wannan aiki yana cin kaya. Hanta na buƙatar sinadaran gina jiki irin waɗanda ke cikin wake da ƙwai da nono da kifi domin ta ƙera abin da take ɗaure guba da shi. Ƙoda na buƙatar ruwa da jinin da bai hau ba. Wanda ya yi mako guda a kan ruwan lemon tsami kaɗai ya hana ma'aikatansa kayan aiki ne a lokacin da yake tsammanin yana taimakonsu.

Abin da Zamfara ta koya mana

Mu a Arewa mun ga guba ta gaske, mun kuma ga yadda ake fitar da ita. A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaro ya fara amai, ya sanƙare, ya tafi. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma. Masu haƙar zinare suna kawo duwatsu cikin gida ana daka su a turmi ana niƙa su, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, a kan hatsi, a cikin tukunya. Yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a yankin Shikira na jihar Neja, inda aka rasa yara 28.

Maganin da aka ba yaran yana da suna, yana da awo, kuma an san gubar da yake kamawa: yana ɗaure dalmar da ke cikin jini ta fita ta fitsari, ana auna jinin kafin a fara da bayan an gama. Amma likitocin sun dage a kan wani sharaɗi. Ba za a fara ba yaran wani gari magani ba sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gidajensu an zuba sabuwa, domin ba amfanin fitar da guba daga jikin yaron da zai koma ya zauna a cikinta da yamma. Wannan ne ya sa yaran garin Bagega suka yi jira har 2013, lokacin da aka saki kuɗin share garin.

Akwai wani abu kuma da masana dalma suka daɗe da sani, wanda ya shafi maganarmu kai tsaye. Cikin da babu komai ya fi tsotsar dalma, haka ma jikin da ke fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko na ƙashi, domin hanji yana ɗaukar dalmar a madadinsu. Yaro kuwa yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa. Ma'ana, ƙoshi da abinci mai kyau garkuwa ne, yunwa kuma ƙofa take buɗewa. Kuma tunda ana maganar dalma, iyaye mata su sani cewa kwallin dutse da ake ɗura wa jarirai a ido yakan ƙunshe ta da yawa. A 2011 an auna wani da aka kai Amurka daga Najeriya, bayan an ga dalma a jinin wani jariri a birnin Boston, aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ne.

Ta ƙofar madafa take shigowa

Idan mun ɗauki darasin Bagega, tambayar farko ga mai son tsabtace jikinsa ita ce: ta ina abin ke shigowa?

Mafi munin gubar da ke cikin abincinmu ba ta da ɗanɗanon da zai sa a tofar. Idan gyaɗa ko masara ta sha fari a gona, ko aka adana ta da sauran danshi, wata funfuna na kama ta, tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne a 1960, bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da ke haddasa sankarar hanta. A 2004 ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya, waɗanda suka ci masarar da ta ruɓe a rumbu. Binciken da aka yi a Benin da Togo ya nuna yaran da ta fi yawa a jininsu sun fi tsumburewa. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka.

Abin da ya sa ta fi zama barazana a wajenmu shi ne ciwon hanta nau'in B. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar, akasarinsu ba su sani ba. Idan wannan ƙwaya ta haɗu da gubar funfuna a hanta guda, hatsarin sankara yana ninkawa sau da dama, wasu masana sun ƙiyasta har sau 30.

Je ki zauna kusa da mai tsince gyaɗa ki kalli faifanta. Manyan ƙwayoyi masu sheƙi suna gefe guda, na kasuwa ne. A ɗaya gefen ga ƙanƙanannu, masu yamutsattsiyar fata, waɗanda ƙwaro ya huda, waɗanda in an fasa cikinsu ya yi baƙi ko kore-kore. A cikin wannan tsibi gubar ta fi taruwa. Da yake ba a son asara, sau da yawa shi ne ke tafiya inji ya dawo a matsayin ƙuli-ƙuli, ko garin yajin tsire, ko kunun gyaɗar yara. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wannan batu, domin talauci ne ke yanke hukuncin, kuma yaran gidan ne ke ci. Amma gyaran ba shi da tsada. A Gini an gwada shi a ƙauyuka: tsince ruɓaɓɓu da hannu, shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da bushewa, adanawa a buhun da iska ke shiga a kan katako. Sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna gubar da ke jinin mutanen ta ragu da fiye da rabi. Cibiyar IITA ta Ibadan kuma ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure don rage funfunar tun daga tushe. Ga uwar gida dai, ƙa'idar gajeriya ce: gyaɗar da ta yi ɗaci ko ta sauya launi a zubar, garin masarar da ya yi warin rima kada a tuƙa shi.

Sai wake. Don gudun ƙwari, wasu 'yan kasuwa na zuba masa fiya-fiya kai tsaye, kuma saboda yawan ragowar wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da Turawa suka ƙi, mu ne muke dafawa. Alhali akwai buhun nan mai ninki uku, PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, masana na cibiyar INRAN a Maraɗi suka taka rawa wajen gwada shi. Yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da ɗigon magani ba. Mai saye ya shinshina waken kafin a auna masa, a gida kuma a wanke shi sosai, a zubar da ruwan tafasar farko. Ayaba da mangwaron da aka nuna da kabayid ma NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu. Mutanen Kano kuma ba za su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwa suka kwanta a asibiti, wasu suka rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da lalataccen garin ɗan tsami.

Waɗannan su ne masu suna. Akwai kuma na yau da kullum, waɗanda ba guba ba ne sai sun yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke ɓoye a burodi da taliyar leda da dunƙule. Kusan rabin nauyin dunƙulen miya gishiri ne, amma sai a jefa huɗu a tukunya a kuma bi da gishiri. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kai mutane layin wankin ƙoda. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da kunun kanwa mai yawa haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Sukari kuwa, iyakar da hukumar ta sa ita ce kusan cokali 12 a yini, in an samu a tsaya a shida ya fi. Robar lemo mai rabin lita ɗaya tak tana iya cinye wannan kason, kafin a zo kan shayin mai shayi da ake dannawa madara da sukari har cokali ya kusa tsayawa. Rarar sukarin nan hanta ce ke mayar da shi kitse ta ajiye a jikinta. Kada a manta da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake karɓa a kemis bayan an tashi daga aiki: farasitamol in ya wuce ƙima hanta yake ci, su ibufurofen da dikulofenak kuma ƙoda da gyambon ciki.

To, me za a ci?

Amsar tana cikin abin da kakanninmu suka sani, wanda muka fara raina wa. Mai fama da cushewar ciki, abin da hanjinsa ke nema shi ne ɓangaren abinci da ba ya narkewa, wanda ke riƙe ruwa ya tausasa bayan gida, ya kuma ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Ana samunsa a dusar hatsi, da wake, da ganye, da 'ya'yan itace. Mu kuwa mun surfe gero da dawa tas, mun ba akuya dusar, mun koma farar shinkafa da taliya da burodi safe da rana da dare. Ba sai an daina surfe ba, amma a sassauta shi. Tuwon dawa, biskin gero, dambu, fate, acca, da dafaffiyar alkama duk sun fi farin gari riƙe ciki.

Miya ita ce dukiyarmu ta biyu. Kuka na da sinadarin ƙashi da na ƙarfe. Kuɓewa da lalo da karkashi, yauƙin nan nasu yana taimakon hanji. Ga alayyafo, yakuwa, rama, tafasa da zogale. Kwanon kwaɗon zogale da tumatir da albasa da ƙuli-ƙuli mai kyau ya tara ganye da abin gina jiki da mai a wuri guda, da kuɗin da bai kai na ƙullin mai mota ba. Ganyen zogalen nake nufi, dafaffe, yadda aka saba ci. Saiwarsa da ɓawonsa wani abu ne daban, mai ciki ta nisance su. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. In an fassara shi zuwa kwano, kusan cikin tafin hannu biyar ne, a rarraba daga safe zuwa dare. Matsalar tuwonmu ita ce malmala ta yi tsauni, miya kuma ta zama abin dangwale. A juya lissafin: a rage malmala, a cika ganye. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi za su ba miya ɗanɗanon da zai sa dunƙule ɗaya ya isa.

'Ya'yan itace a bi su da lokacinsu, a nan arhar take. Mangwaro da bazara, gwaiba da damina, lemo da kankana da gwanda lokacin da suka cika kasuwa, ga na daji da yara suka fi mu sanin darajarsu: magarya, kanya, ɗinya, aduwa, goruba. Garin 'ya'yan kuka da ake kaɗawa a nono yana cike da bitamin C. A ci ɗan itacen da tsokarsa ya fi a matse ruwan a zubar da tuƙar, domin a tuƙar amfanin hanji yake, ruwan kuma sukari ne ya fi yawa a ciki. Akwai dabara guda da ta dace da ƙasar da ƙarancin jini ya yi wa mata da yara katutu: ɗan tsami, na lemo ko tsamiya ko tumatir, yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin wake da ganye, shayi kuma yana hanawa. Don haka a bar tazara tsakanin kwanon wake da kofin shayi.

Zoɓo ya cancanci a tsaya a kansa. Jigawa na noma shi har ana fitarwa zuwa Meziko, kuma yana cikin 'yan abubuwan sha na gargajiya da aka gwada a tsanake. A wani gwaji da jami'ar Tufts ta Amurka ta fitar a 2010, mutanen da jininsu ya fara hawa suka sha kofi uku kullum na mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7. Wannan ba zai maye gurbin maganin likita ba, amma abu ne na gaske.  Sai dai namu na ƙanƙara a leda, wanda aka cika da sukari da garin kala, ya rasa wannan falala. A dafa shi a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a sa zaƙi kaɗan. Haka kunun tsamiya, da kunun aya, da fura da nono, in dai nonon an dafa shi kafin ya kwana kuma ruwan damun mai tsabta ne.

Ruwan ɗumi da lemon tsami da safe ba laifi ba ne ga mai sha'awa. Ruwan ne ke aikin, lemon ɗanɗano ne. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke wuce maki 40, manomi da lebura da ɗan acaɓa suna zubar da ruwa ta gumi fiye da yadda suke zato. Awon da ya fi sauƙi shi ne launin fitsari: in ya yi ja ko rawaya mai duhu, ƙoda na roƙon ruwa.

Nama ba abokin gaba ba ne, yawansa da maiƙonsa da ƙonewarsa ne matsala, haka man da aka soya ƙosai da shi har ya yi baƙi ana ta maimaitawa. Ga mai tumbi kuma, likitocin hanta sun tabbatar cewa rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, a hankali cikin watanni, yana rage kitsen hanta sosai. Tafiyar ƙafa ta rabin awa sau biyar a mako na cikin maganin.

Muna da wata guda a shekara da ciki ke samun hutu na gaske, amma dubi faifan buɗe-baki a gidaje da yawa: ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, fanke, lemon kwalba mai sanyi, sannan tuwo, sannan shayi. Mutum ya wuni da ƙishi ya kwana da ƙwarnafi, wasu ma su fito daga Ramadan sun ƙara ƙiba. Koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta raba ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kowa ya san ta, aiki da ita ne ya yi ƙaranci. Dabino kaɗan da ruwa, kunu, 'ya'yan itace, a yi salla, sannan a ci abinci mai miya. Da sahur a nemi abin da ke daɗewa a ciki, irin su wake da gero da nono, a rage gishiri. Shan maganin wankin ciki a cikin azumi kuwa ganganci ne.

Duk abin da aka lissafa a sama na mai lafiya ne. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu, ayaba da lemo da dabino da yawan ganye na iya tara masa fotasiyam har ya taɓa zuciya, ruwan sha ma wani lokaci sai an auna masa. Likitansa ne zai tsara masa kwano. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, tsarin kwana bakwai ba abinci na iya kayar da shi sumamme. Mai ciki, mai shayarwa, yaro da tsoho, babu ɗayansu da ya kamata a ɗura wa maganin gudawa da sunan tsabtace ciki.

Idan ido ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kalar shayi ko yana kumfa, ko ƙafafu da fuska suka kumbura, ko aka ga jini a bayan gida, ko mutum yana ramewa ba dalili, a tafi asibiti a ranar, kada a ɓata makonni ana jiƙe-jiƙen shawara. Gwajin ciwon hanta nau'in B digon jini ne daga yatsa, sakamakon na fitowa cikin mintuna, kuma akwai magungunan da ke danne ƙwayar cutar ga wanda ya buƙata. Wanda aka auna ba ya da ita, allurar rigakafi uku ce cikin wata shida. Jarirai kuma tun 2004 aka sa ta cikin rigakafin yara na Najeriya, kyauta, kuma ta farkon ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu.